Abin da Baba Alif Bai Rubuta Ba

Shekara talatin da ɗaya ya yi a matatar ruwa, kuma a duk tsawonsu ba wanda ya taɓa buɗe famfo a gari ya tuna da shi. Haka aikin yake, sai ruwa ya ɓaci ake tambayar wa ke bakin aiki. Abokan aikinsa suna kiransa Baba Alif, saboda alif ɗin da ake zubawa don laka ta kwanta ya cinye masa fatar yatsu, ya bar su fari-fari kamar na mai wanki.

Kowace safiya, kafin ya shiga ɗakin aiki, sai ya gangara inda ruwan kogi yake shigowa. Ya tsuguna, ya ɗebo a tafin hannu, ya murza, ya shinshina. Daga nan ya san alif ɗin da ranar za ta ci. Sai ya hau sama ya juya makunni, ya zauna ya cika littafin aiki da rubutunsa mai kwantawa gefe ɗaya kamar ciyawar da iska ta bi ta kai.

Abin da yake rubutawa ba shi yake zubawa ba.

Tun yana sabon shiga abin ya samo asali. Akwai jadawali a bango: laka kaza, alif kaza. Amma ruwan farko na damina yakan zo da wata jar laka mai laushi wadda ba ruwanta da jadawali, sai an ƙara kashi ɗaya cikin uku take kwanciya. Ya ƙara, ya rubuta gaskiya, manajan wancan lokaci ya ba shi takardar gargaɗi. Daga ranar hannu ya kama hanyarsa, biro ya kama tasa. Da rani ya rage, da damina ya ƙara, buhunan sito su daidaita a ƙarshen shekara. Ruwa yana fita garau, ba wanda ya tambaya.

Sai aka kawo na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda za ta riƙa auna ruwan ta zuba magani da kanta. Wata injiniya ce ta zo da ita, mace mai sanyin magana. Ta kwashe littattafan aiki duka, ta ɗura wa kwamfuta su shafi bayan shafi.

"Baba, littattafanka ne malamanta," in ji ta. "Ban taɓa ganin rubutu mai tsafta haka ba."

Dogo, abokin aikinsa, ya leƙo daga bakin ƙofa. "Baba, an yi maka ƙane da tsufa. Ba ya ciwon baya, ba ya neman hutu, ba ya gyangyaɗi bayan cin abinci."

"Gyangyaɗin dai naka ne, kada ka raba mana," in ji Baba.

Su huɗu ne a ɗakin, kuma an ce mutum ɗaya za a bari ya riƙa duba allo. Kowa ya san Baba ne, saboda littattafansa. Shekara huɗu suka rage masa ya yi ritaya, ga autarsa tana jami'a. Na'urar kuwa za ta karɓi aiki kafin ruwan farko ya sauka.

Ranar hutunsa da la'asar yana zaune a tsakar gida, ya tasa kwanon abinci a gaba bai buɗe ba. Matarsa tana linke kayan da ta kwaso daga igiya. Ya gaya mata komai, a hankali, yana kallon ƙasa.

"Shekara talatin kana yi wa littafi ƙarya, Malam? Ni da nake cewa ko wasa ba ka iya ba."

"Littafi kawai na yi wa."

"To ai littafin ne yanzu ya tashi zai yi aiki." Ta karkaɗe wata riga. "Ruwan da na'urar za ta sako, har gidan nan zai zo?"

"Zai zo."

Ta kwashi kayan ta shige ɗaki.

Washegari ya sami injiniyar a gaban allo, ya cire hularsa ya riƙe. Da ya gama bayani ta juyo ta fuskance shi.

"Duka, Baba?"

"Na damina da na rani. Na tsakaninsu gaskiya ne."

"Ka san dole in kai wannan sama."

"Na sani, 'yata. Ki kai."

Mako shida suka yi suna gangarawa bakin ruwa tare. Shi ya murza ya faɗi abin da yatsunsa suka ji, ita ta auna ta sa masa lamba. Ya tuno mata daminu ɗaya bayan ɗaya, har da shekarar da kogi ya zo da kumfa. Abin da ya manta, ya ce ya manta.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata da hantsi. Kogi ya yi ja. Baba yana tsaye a bayan kujera lokacin da lambar alif ta fara hawa a allo, ta hau har ta kai kashi ɗaya cikin ukun nan, ta tsaya. A cikin tankuna laka ta dunƙule ta yi ƙasa a hankali. Bai taɓa makunni ba.

Takardarsa ta fito a ƙarshen watan. Ba ta ambaci littattafai ba, ta ce ritaya saboda sake tsarin aiki. Dogo aka bari.

Ranar da zai tafi, Dogo ya rako shi har ƙofar matatar, yana riƙe masa da takalman roba.

"In na'urar ta yi kuskure fa, Baba?"

"Ka gyara. Kuma ka rubuta cewa ka gyara."

Ya karɓi takalman, ya ɗaure su a bayan keke, ya tura zuwa titi.