Taraktar da Na Zaɓa wa Taubashina

Shekarar da fari ya cinye mini shanun huɗa, a ita taubashina ya tashi sayen tarakta. Har yau in na tuna yadda abubuwan nan biyu suka haɗu a shekara ɗaya sai abin ya dame ni, ko da yake na san ba a tambayar Ubangiji dalili.

Ƙauyenmu yana ƙasar Durum, ba nisa da Damagaram. Kafin farin ni kaɗai ke da garmar shanu a garin. Bijimai biyu gare ni, ja da fari, kuma in damina ta matso ƙofar gidana ba ta rabuwa da baƙi. Mai gari kansa sai ya aiko an gaishe ni tukuna ya faɗi ranar da yake so a shiga gonarsa. Ba wani arziki na tara ba, amma ana nemana, ni kuwa ina son a neme ni. Da ruwa ya ɗauke, ciyawa ta ƙare, na ba su kara, na ba su 'ya'yan gawo, har jinkar rumbu na sauke na zuba musu. Jan ne ya fara kwanciya, na sa masa wuƙa kafin ya zama mushe. Farin bijimin bai daɗe ba ya bi shi. Na ɗauki karkiyar na rataye a zaure.

Taubashin nan nawa ɗan goggona ne, ƙanwar babana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a wasanmu na gado shi bawana ne, ni ubangidansa. Dokar wasan ita ce duk abin da ya faɗa mini, komai zafinsa, dariya zan yi, don wanda ya yi fushi da taubashi shi gari ke yi wa dariya. Tun muna yara ba ya ga maciji da noma. In an ba shi hauya ciwon ciki ya taso, in an kawo fura ya warke. Da ya girma sai ya kama fataucin fatu zuwa kudu. Farin da ya tsiyata mu shi ya buɗe masa, don a shekarar ba abin da ya kai fata yawa. Fatun bijimaina ma ta hannunsa suka bi.

Wata safiya ya yi sallama a zaurena, yana ƙamshin turare, ya zauna daidai ƙarƙashin karkiyar.

Ya ce, "Ubangidana, ka shirya gobe ka raka bawanka birni. Tarakta zan saya, kuma wallahi ban san gabanta da bayanta ba. Kai ne masanin huɗa."

Na ce, "Tarakta? Kai da hauya ke sa wa zazzaɓi?"

Ya ce, "Ai shi ya sa. Ita a zaune ake yi."

Muka yi dariya, amma tawa a leɓe ta tsaya. Baƙin ciki ya cika ni har na kasa shan kokon da ke gabana. Sai bayan ya tafi wani tunani ya sanyaya mini rai. Mutumin nan bai san kunya ɗaya ba a gona. In ya sayi tarakta, wa zai ba? Duk garin wa ya san zurfin da kowace gona ke so in ba ni ba? Taraktar ta zama tasa, ban hana ba, amma kujerar tawa ce, kuma mutane za su koma yi mini sallama a ƙofar gida. Da wannan na yarda na bi shi.

Muka hau kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, zuwa Damagaram. A hanya muna ta wuce mutanen arewa da jakuna da ƙullin tsummoki, sun baro garuruwansu. Ni ina kallonsu, shi yana lissafa mini irin launin da yake so.

Wurin wani makaniki ne a bayan unguwar Kara-Kara, wanda ya sayi injuna daga wani poroje, aikin raya karkara, da ya naɗe kayansa. Muna shiga idon taubashina ya faɗa kan wata jibgegiya, ja, tayarta ta baya ta kai mini ƙirji. Bai tambayi kowa ba ya tattare babbar riga ya haye. Ya riƙe sitiyari yana leƙo ni daga can sama.

Ya ce, "Ubangidana, yau ka ga bawanka ya fi ka tsawo!"

Na ɗaga kai ina dubansa, rana tana dukan idona, na ji kamar in janyo ƙafarsa. Mutumin da na sha goyawa mu tsallake kwari, ga shi a inda ban taɓa mafarkin hawa ba. Na rantse a raina ba zai shiga garinmu a kan wannan ba.

A gefe akwai wata ƙarama, shuɗiya da ta koɗe, an ɗaure kujerarta da tsohon buhu. Na zagaya ta, na durƙusa na duba haƙoran garmarta, na ce ya sauko mu yi magana. Na tuna masa gonakinmu ƙanana ne, kuma ba wadda babu gawo a tsakiyarta. Babbar ba za ta iya juyawa tsakanin itatuwan ba sai an sare su, gawo kuwa tun zamanin sarakunan da ba a sa masa gatari a ƙasarmu. Ga shi ƙasarmu rairayi ce, abu mai nauyi nutsewa zai yi, garma mai zurfi kuma ta tono ƙasa iska ta kwashe. Ga shan man gazuwal. Duk gaskiya na faɗa masa, ba ƙari. Amma da ƙaramar ce ja mai tsawo, ban san ko bakina zai yi zaƙi haka ba.

Ya yi ta waiwayen jar kamar mai rabuwa da budurwa, sa'an nan ya ce, "To, abin da ka zaɓa shi ke nan."

Suka koma inuwa shi da makanikin suna ciniki. Kafin su tafi makanikin ya nuna mini inda ake takawa da inda ake ja, ya bar ni a kai. Na tashe ta. Ta girgiza ni tun daga tafin ƙafa har haƙora, ta yi gaba a hankali, na kai ta bangon can na juyo da ita. Rabon da in ji daɗi irin wannan tun ran da na fara ɗaura wa bijimaina karkiya. Na yi ta kai da kawowa har makanikin ya ɗago hannu ya ce man ya isa haka.

Da na koma gida na ba matata labari, har da yadda zan shimfiɗa agalemi na fatar rago a kujerar. Ta ce, "Malam, ya faɗa maka da bakinsa?" Na ce irin wannan ba sai an faɗa ba.

Ran da taraktar ta iso gari kaf ya fito. Taubashina na tsaye a gefenta da sabuwar hula, a kan kujerar kuwa wani baƙo ne, tsohon direban kamiyo daga birni. Na matsa, na ce cikin wasa, "Bawa, wa ka ɗora a wurina?"

Ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Haba ubangidana! Ina aka taɓa ganin ubangida yana yi wa bawansa ƙodago? In na ɗora ka, goggonka ta tsine mini. Kai naka umarni ne."

Jama'a suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har da tafa hannu, don ba ni da wata hanya. Abin haushin shi ne maganarsa a kan hanya take. Ɗan kawu ba ya karɓar ladan aiki a hannun ɗan goggo, kuma da wani ne ya yi haka ni zan fara zaginsa.

Ruwan farko ya makara ƙwarai, da ya zo ma bai wuce jiƙa saman ƙasa ba. A garinmu in mutum ya yi sabon kayan aiki, ranar farko ta gajiyayyu ce, a yi musu kyauta don neman albarka. Da hantsi ina kaifafa hauyata na ji ƙarar injin a gonar wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Daga can ta koma gonar makahon garinmu. Da azahar ta yi sai na ji ƙarar ta yi yamma, wajen da ba gonar kowa sai tawa.

Na tafi da sauri, hauyar a kafaɗa. Na tarar an ci rabi. Taraktar tana zagaya gawona cikin sauƙi, yadda na ce za ta yi, kunyoyin a miƙe, zurfin daidai, ba inda zan sa hannu in ce an ɓata. Na nemi aibi ɗaya na rasa, wannan ya fi komai ci mini rai. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya a kan iyaka. Ɗaya ta ce, "Allah ya saka wa mai tarakta, bai manta da ɗan'uwansa ba." Wata ta dube ni da tausayi ta ce, "Sannu, Malam, Allah ya mai da alheri."

Wanda aka yi wa irin wannan aiki yakan je godiya kafin rana ta faɗi. Na wanke ƙafa, na sa riga, na nufi gidan taubashina. A ƙofar zauren na tarar da tsohuwar da makahon zaune a kan tabarma suna jiran ya fito. Makahon ya ji takuna, ya gane ni, ya matsa gefe ya ce in zauna, akwai wuri.