Hoton Arzika a Makarantar Laka

Inna Habiba tana sayar da ƙuliƙuli a Bungudu tun kafin a yi jiha, kuma ba mace ce mai son tafiya ba. Ko Gusau sai da dalili. Bara dalilin ya samu: fuskar mijinta, marigayi Malam Arzika, ta fara ɓace mata. Tana tuna muryarsa da tarinsa, amma in ta rufe ido hula da gemu kawai take gani. Abin ya dame ta ƙwarai.

Arzika ya rasu tun kafin zuwan katin zaɓe mai hoto, kuma da ransa bai yarda da hoto ba, wai aikin marasa abin yi ne. Sai aka gaya mata Alhaji Mahadi, tsohon ma'aikacin gwamnati a Gusau, yana da hoton ajinsu na firamare, shi da Arzika. Makarantar laka ce a wani ƙauye a gindin duwatsun Kwatarkwashi. Ta daɗe da rushewa, gero ake nomawa a wurin yanzu.

Da ta isa gidansa a Gusau, Alhaji Mahadi ya sauko da hoton daga bango, ya goge gilashin da hannun riga. Ga makarantar da rufin kwano, ga yara sun jeru a gabanta, duk an yi musu aski ƙwal. Yawancinsu sun zura wa mai hoto ido kamar za a raba alewa.

"Ranar nan hakimi da kainai yat tsaya bayan mai hoto," in ji Alhaji Mahadi. "An ce kowa shi dubi gaba. To Arzika an hore shi gida, yaro ba ya kallon babba ido cikin ido."

Ya ɗora yatsa a kan wani yaro a layi na biyu. Yaron ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa. Ba ido, ba hanci, sai tsakar kai tana ƙyalli.

Alhaji ya shiga ba ta haƙuri, don ya ga ta yi tafiyar banza. Inna Habiba ta kai hoton bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana dubawa.

"Shi na, Alhaji," ta ce. "Haka yat tsaya gaban babana ranar da yaz zo neman aurena. Ni ko ina leƙe ta zana, abin da nig gani ke nan."

Ta miƙa masa hoton, ta tambayi inda ake hawa motar Bungudu.