Kwana Uku Ina Ciwon Cikin Ƙarya a New Bell

Asubar Litinin muka bar Zariya, mu biyu: ni da shugabar zumuntar matan ikilisiyarmu, wadda kowa ke kira Mama, mace mai shekara sittin da ba ta taɓa rage murya don kowa ba. Kayanmu kwali biyu ne, ɗaya na Littafi Mai Tsarki, ɗaya na littafin waƙoƙi. An aike mu ne wurin wata ƙaramar ikilisiya a Duwala, ta mutanen arewacin Kamaru, masu gadi da masu tuƙa babur, waɗanda ke sujada da Hausa amma littafi uku kacal ke zagaya su duka.

Ta Yola muka tsallaka. Da na canza kuɗi, damin nairar da na ɗauro a ƙugu ya koma 'yan takardun sefa da suka shige aljihun gaba har da sauran wuri. Daga Garwa zuwa Ngaundere duk jandarman da ya tare mu da Faransanci, Mama sai ta ce masa "wi, wi", wato "i, i", da ƙarfi, su kuwa su sake mu. Jirgin ƙasa ya kai mu Yawunde, bas ta sauke mu Duwala ranar Alhamis cikin ruwan sama irin wanda ba ya ɗaukewa, sai dai ya huta.

Nan matsala ta fara. Wayar faston da zai tarbe mu a kashe. Kwatancen da aka ba mu shi ne "bayan gidan burodi a Bepanda", ashe a garin nan kowane lungu da gidan burodinsa. 'Yan acaɓa, da a can ake kira benskin, masu doguwar lema a kan babur, suka dubi kaftanina da hulata, ba su ko saurari kwatancen ba. "Hausa? New Bell!" A Duwala in ka sa hula an gama yanke maka unguwa.

New Bell kuwa gida ce da aka jiƙa. Ƙamshin tsire, wanda a nan sunansa soya, teloli a bakin hanya, kwata cike da ruwa, gaisuwa ta fara da Hausa ta ƙare da Faransanci. Aka kai mu gidan wani Alhaji, haifaffen unguwar, tsohon ma'aikacin ofis, wanda ya gaji saukar baƙi daga mahaifinsa. Al'adar gidan ita ce baƙo ya sauka, a adana kayansa, maigida ya nemo masa mai saye.

"Sannunku da hanya," in ji shi. "Bon, a sa kayan a ɗaki. Me kuka kawo, turare ko atamfa?"

"Littattafai ne, Alhaji," na ce, na tsaya a nan.

Gaskiya tsoro ne ya kama ni. Na ga ruwa, na ga garin da ban san kowa ba, na ce in mutumin nan ya ji ko mu su wane ne ya sallame mu, ina za mu da kwali biyu? Aka shige da Mama cikin gida wurin Hajiya, ni aka ba ni ɗakin zaure.

Da aka kira la'asar Alhaji ya miƙo mini buta. "Malam, bismilla." Na karɓa, na wuce banɗaki, ban fito ba sai da na ji an sallame. Magariba haka, lisha haka. Kafin gari ya waye duk gidan ya san baƙon Najeriya na fama da gudawa.

Alhaji ya tashi tsaye a kan jinyata. Ya sa aka kawo wani jiƙo baƙi ƙirin, mai ɗacin da har kunne ke jin sa, kofi guda safe da yamma, yana tsaye sai na shanye. Abincina farar shinkafa, ba mai ba yaji. A gabana ake baje gasasshen kifi da soyayyar ayaba da bobolo, wato rogon da ake naɗewa a ganye, da miyar ndole ta shuwaka da gyaɗa. Na miƙa hannu sau ɗaya, ya janye tiren. "A'a, Malam, cikinka." Mama kuma ta fito daga cikin gida tana suɗe yatsu. Na raɗa mata ta kama bakinta, ta ce "to", tana kallon gefe.

Da rana muna yawon neman cocin. Mun shiga kasuwar Mboppi, inda 'yan dako ke gudu da dilar atamfa a ka, in ba ka kauce ba kai ma a haɗa da kai. Mun zagaye Bepanda, mun leƙa bayan gidan burodi bakwai, ba mu samu komai ba sai kaji da makanikai.

Ranar Asabar kunya ta gama cin raina. Ni da aka aiko da bishara, ga ni ina ɓuya a banɗakin mutumin da ke ciyar da ni. Na ƙudura gobe zan faɗa masa, ko da za mu kwana a tasha.

Lahadi da safe na fito, sai ga kwalayenmu a ƙofar gida an rufe su da leda, ga tasi na jira.

"Malam mai bishara, ka shirya?" in ji Alhaji. "Sujadarku ƙarfe tara ce. Na samo masu kayan. Mai gadin shagon ɗana a Mboppi ɗan cocin ne, wayar fastonsu ce ta faɗa ruwa."

Na ce, "Alhaji, tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin Mama ta ajiye jakarta ta gaya wa Hajiya. Har waƙa ta koya musu."

"To, jiƙon fa?"

"Mutum ya nuna yana ciwo, ai sai a yi masa magani. Voilà." Ya yi dariya har da riƙe ƙofa, sannan ya gimtse fuska. "Mahaifina ya sauki Kirista a ɗakin nan tun ba a haife ka ba. Abin da bai yi mini daɗi ba, ɗan'uwa, ka ci abincina kana tsorona."

Na ce masa, "Ka yafe mini." Idona ya cika da hawaye.

Cocin ɗan ɗakin kwano ne, kuma lallai bayan gidan burodi yake, na takwas. Da aka buɗe kwalayen mata suka rangaɗa guɗa. Wani tsoho mai gadi ya rungume nasa littafin, ya ƙi ajiyewa ko lokacin addu'a. Wa'azin da na shirya tun Zariya a kan ƙarfin hali ne. Na ninke takardar na ba su labarin banɗaki, suka yi dariya har fasto ya sauko daga kujera. Da muka koma, Alhaji ya ajiye mini kifi guda sukutum, ya zauna yana kallo har na ga ƙaya.

Mun iso Zariya lafiya bayan kwana huɗu a hanya. Na tafi da niyyar koya wa mutane, na dawo da sanin cewa na yanke wa mutumin kirki hukunci tun bai buɗe baki ba, kamar yadda 'yan benskin suka yanke mini saboda hula. Da nake kwance jaka, sai ga kwalbar jiƙon nan a ƙasa cikin leda, da 'yar takarda da rubutun Alhaji: "Ko da ciwon zai dawo." Tana nan a kan tagata, kullum ina ganinta kafin in fita.