Ranar da Aka Raba Yaya Lawali da Kekensa

Watan nan da muke ciki aka cika shekara uku da muka kai yayana Lawali makwancinsa a Nahuce. Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a kasuwar Tsafe ya san shi, gurgu mai tsiwa wanda ba zai taɓa rediyonka ba sai ya gama yi maka tsiya a kan batirin da ka bari ya zube a ciki. Shan-inna ta kama shi yana ɗan shekara huɗu, tun ban zo duniya ba, kuma da rarrafe ya girma har ya yi gemu. Sai da gyaran rediyo ya fara karɓarsa ya sa wani mai walda a Gusau ya ƙera masa keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Ranar da ya hau shi ya rantse a gaban Inna cewa tafin hannunsa ba zai ƙara taɓa ƙasa ba sai a wurin salla.

A cikin gari keken ya ishe shi. Wahalar tana farawa ne in tafiya ta kama. Daga Tsafe zuwa gida mota uku ce: ta Gusau, ta Bungudu, sannan ta Nahuce, kowace da tasharta da shugabanta da 'yan kamashonta, kuma babu mai sanin abin da ɗan'uwansa yake ciki. A kowace tasha sai Yaya ya sake roƙo daga farko. Wannan direba ya ce keken zai karce masa fenti, wancan ya ce but ɗinsa ya cika, wani kuma ya kawar da kai kamar bai gan shi ba.

Wajen shekara huɗu ya yi yana zarya tsakanin shugabannin tashoshin nan uku da buƙata guda: a yarda cewa nakasasshe da kekensa mota ɗaya za su shiga, kuma direban da ya kawo shi ya damƙa shi hannu da hannu ga ɗan kamashon tasha ta gaba. Babu wanda ya ce masa a'a. Na Tsafe ya ce in na Gusau ya yarda shi ma ya yarda, tun da su ne manya. Na Gusau ya ce motocin ƙauye ba a hannunsa suke ba. Na Bungudu ya ce shi ko fuskar na Tsafe bai taɓa gani ba. Duk sun ba shi ruwa ya sha, duk sun yi masa addu'a. Mu a gida har tsokanarsa muke yi muna kiransa ministan sufuri, shi kuma ya ce aƙalla ma'aikatarsa tana da mota ɗaya mai aiki.

Akwai wata al'ada a tasha da duk mai tafiya ya sani. In mota ta cika da kaya, sai a tura mutum gaba, a ce kayansa za su biyo shi a mota mai bi. Babu takarda, da baki ɗan kamasho zai faɗa wa direba kayan wane ne. Ga buhun masara tsarin yana aiki. Yaya bai taɓa yarda a yi masa haka ba, gara ya wuni a rana.

Ni na sa ya yarda. Wannan ne karon farko da nake faɗar haka a fili.

Lokacin kaka ne, ba a daɗe da ba mu jiha ba, Gusau ta cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato, ga wahalar mai, mota sai an yi da gaske. Ina koyarwa a firamare a Bungudu, an kira mu tantancewa a Gusau da safe, na kwana a wurinsa a Tsafe muka fito tare don zai sayo kayan gyara. Motar da ke kan layi saura mutum biyu, amma an danne samanta da buhuna. Baba Shehu, tsohon ɗan kamashon tashar, ya ce mu shiga, keken zai biyo mu. Yaya ya ƙi. Ni kuwa idona na kan agogo, na sunkuya na ce masa don Allah yau dai ya rage taurin kai, aikina ne ke cikin haɗari, kuma ni na lamunce masa keken zai iso.

Ya dube ni ya ce, "Bello, wanga keke ba kaya ba na. Amma tun da kai ka roƙa, mu tahi."

Na bar shi a kan benci a tashar Gusau na ruga wurin tantancewa. Da la'asar na dawo na same shi inda na ajiye shi. Bai ci ba, bai zaga ba, bai yi alwala ba, saboda ba zai yi rarrafe a gaban jama'ar tasha ba. Mota mai bi ta zo ta wuce, babu wanda ya ga an sauke keke. A bayana na goya shi zuwa motar komawa Tsafe.

Na yi sintiri har takalmina ya cinye. Gusau su ce a tambayi Tsafe, Tsafe su ce direban ya samu lodin hatsi ya yi arewa, ba a san ranar dawowarsa ba. Na ce a ƙera sabo, Yaya ya ƙi, wai nasa zai dawo. Da ya haƙura, mai waldar ya samu aikin ƙofofi da tagogin sababbin ofisoshi, kullum sai ya ce mako mai zuwa. Rumfarsa ta gyara kuwa ba ta jira, ga mata da 'ya'ya huɗu. Ranar da matarsa Dije ta ga ya sa silifas a hannu ya nufi ƙofa, ta ce ɗaki ta koma ta rufe don kada ya ga ta gani. Mutumin da ya shekara goma sha biyar gwiwarsa ba ta taɓa tsakuwa ba, fatar ta riga ta yi laushi. Wani tsohon ƙarfe ya yanke shi a gwiwa a hanyar kasuwa, ya ɓoye mikin a ƙarƙashin riga har ya ruɓe. Da zazzaɓi ya kwantar da shi muka kai shi asibiti, likita ya duba ya girgiza kai. Kwana biyar ya yi.

Bayan sadakar arba'in na je tashar Bungudu karɓar wani saƙo, aka buɗe ɗakin ajiya, sai ga keken a jingine a bayan tsofaffin tayoyi. Ashe direban ya manta da shi a saman mota har ya fita Gusau. Da ya tuna, sai ya ce ai mai shi mutumin Nahuce ne, bari ya sauke masa kusa da gida. A ganinsa alheri ya yi. Mai ajiyar ya ce mini dokarsu ba su ba kowa kaya sai mai su, kuma sun yi ta jira bai zo ba. Na tambaye shi da wace ƙafa zai zo. Ban jira amsa ba, don ni ma ba ni da bakin magana. Sau biyu a rana nake wucewa ta gaban ɗakin nan, wata uku, ban taɓa leƙawa ba, saboda a lissafina kayan da aka aiko Gusau ba za su wuce Gusau ba.

Da Yaya zai ɗago ya ga yau, ban san me zai ce ba, amma na san da tsiya zai fara. Soja sun koma bariki, Gusau ta ƙara faɗi, tashoshi sun ƙaru, 'yan kabu-kabu sun cika titi, kuma babu babur ɗin da zai ɗauki mutum da kekensa. Cikin shugabannin nan uku, biyu sun canza, sababbin ma ba su san juna ba. Bara na rubuta buƙatarsa a takarda na kai wani ofis. Suka ce wannan maganar walwalar jama'a ce. Na je can, suka ce maganar motoci ce. Kowa ya yaba da rubutun, aka ba ni kujera, aka yi wa mamaci addu'a. Na gane hanyar, don na ga wanda ya bi ta kafin ni.

In ana neman abin da ya rage daga wahalarsa, Baba Shehu ne. Tun ranar da ya zo mana gaisuwar rasuwa, bai sake raba nakasasshe da kekensa ko sandarsa ba. Yana sa a sauke buhuna a ɗaure keke, direbobi na zaginsa a ƙasa-ƙasa yana yi kamar kurma. Amma ikonsa a bakin tashar Tsafe ya tsaya, kuma idonsa ya fara mutuwa. Na ji ana cewa bayan salla za a sallame shi ya huta.

Keken kuwa Dije ta ce a bai wa mai buƙata. Muka bai wa Malam Ummaru, wani mai ɗinkin takalma a Bilbis da ya daɗe yana ja da gindi. Makon jiya na je na gan shi, ya yi masa sabon fenti, ya sa ƙararrawa, yana zaga gari da shi kamar sabon ango. A cikin hira ya ce mini 'yarsa ta haihu a Kwatarkwashi tun damina, har yau bai ga jikan ba. Na ce ai ba nisa, mota ɗaya ce ko biyu, me ya hana shi?

Ya ɗora hannu a kan kan keken ya ce, "Malam, na san labarin mai shi. In na hau mota, wa zai lamunce mini tare za mu sauka?"

Na so in ce ni. Sai na tuna na taɓa faɗa wa wani haka.