Sunan da Inna ba ta faɗa

Baffana ɗan fari ne, shi ya sa har na girma ban taɓa jin kakata ta ambaci sunansa ba. Inna muke ce mata. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan na ruwa". In ya zo hutu Getso ya durƙusa yana gaishe ta, sai ta shiga gyara faifai a kan ƙwarya, ta amsa wa bango. Amma furar da za a dama masa ita take kirɓawa da hannunta, ta ba ni in kai masa, ta ce kada in faɗi daga ina take. Haka kunyar ɗan fari take a gidanmu, tun kakanninmu suna bin shanu.

Sojan ruwa ne, shi da ya koyi iyo a kududdufin bayan gari. Ya taɓa kawo mini katantanwar teku, na daɗe ina kara ta a kunne ina jin ruwan da ban taɓa gani ba.

Aka tura su wajen Tafkin Chadi, aka yi wa jirginsu kwanton ɓauna, aka kama su da rai. Bayan shekara biyu wani abokin aikinsa da ya kuɓuta ya zo har gida, ya ce zazzaɓi ne ya kashe Baffa a tsare, kuma shi ya rufe masa ido. Muka yi addu'a, muka yi sadaka. A takarda kuwa Baffa bai mutu ba, ɓata ya yi.

Da sojoji suka ƙwace sansanin da aka tsare su, aka tono ƙasusuwan mutanen da ba a san ko su wane ne ba. Wata ranar Laraba da hantsi mutum biyu suka zo gidanmu da hotunan abubuwan da aka samu a jikinsu. Ɗaya mai kaki ne, ba ya jin Hausa, ɗayan tafinta, ɗan ƙasar nan. Babana yana gonarsa ta Durun. Aka fito da Inna zaure, ga mai unguwa, ga maƙwabta, ni kuma ina riƙe da mayafinta.

Tafintan ya ce ta faɗi cikakken sunan ɗanta. Inna ta dubi ƙasa. Ya maimaita da ƙarfi, kamar kurma yake yi wa magana. Ta ce a jira ƙanensa ya dawo. Suka ce bakin uwa takardarsu take so, kuma suna da wani gidan da za su je. Suka miƙo hotunan, ta kawar da kai. Mai kakin ya rubuta layi ɗaya, na leƙa na karanta: mahaifiyar ba ta gane komai ba.

Ba na ganin laifin baƙo. Amma tafintan ya sani. Uwa ce ta haife shi a ƙasar nan, ya san abin da shirun tsohuwa yake nufi in an tambaye ta ɗan fari a gaban maza. Magana ɗaya ta ishe shi, ya ce a fitar da mutane, ko a bar jikarta ta faɗa a madadinta. Amma agogonsa kawai ya duba. Mai unguwa ma ya sani, ya yi shiru. Ni ma da na iya karanta layin, na yi shiru, don an koya mini yarinya ba ta tsoma baki a zaure. Wannan shirun nawa har yau yana ƙona ni.

Da ƙarar motarsu ta ɓace, Inna ta zauna a bakin murhu ta ce, "Hoto na uku. Layar nan ni na ɗinke ta da jan zare, baƙin ya ƙare mini." Ta ce a duba ƙafar hagu, babban yatsan a karkace yake, saniya ce ta taka shi yana shekara bakwai. Ashe da wutsiyar ido ta ga komai.

Babana ya yi ta zirga-zirga zuwa ofishin sojoji a birni, kullum a ce sai uwar ta zo da kanta. Bayan girbi muka ɗauke ta zuwa birni. Tun daga Kabo nake ganin leɓɓanta suna motsi a mota, na zaci tasbihi take yi.

A ofishin, wani ma'aikaci yana danna waya. Inna ta tsaya a gabansa ba ta jira a tambaye ta ba, ta faɗi sunan, da na ubansa, a hankali, kamar mai sauke tulu cike da ruwa. Shekara arba'in da wani abu tana riƙe da shi.

Mutumin bai ɗago ba. Ya ce, "Wa kika ce, Baba?"

Ta sake faɗa. Sai ya ja wata takarda, ya ce ai an riga an binne su tun watan jiya, kowa da lamba a kan kabarinsa, kuma ba a buɗe fayil ɗin da aka rufe.

Inna ta gyara mayafinta ta ce mu tafi, kada mu rasa motar Gwarzo. A hanya ta tambaye ni lambar mai hoto na uku, don ta ga na leƙa takardar. Na faɗa mata, ta sa na maimaita har ta riƙe. Tun daga ranar, in ta idar da salla, ina jin ta tana roƙa wa mai lambar nan gafara.