Zauren Audi Magini

Talha ɗan ƙauyen Ɗantutture ne a ƙasar Kurfi, kuma tun yana firamare aka san kansa na ja. A gona dai ba a cewa komai: in aka ba shi kunya biyar, sai ya yi uku ya nemi inuwa. Mahaifinsa, Malam Lado, ya daɗe da sallama shi ga boko. Ya yi sakandare a Dutsin-Ma, ya fito da sakamako mai kyau, sai ga gurbin karatu kyauta a Turkiyya. Injiniyan gini ya nema, amma da takarda ta zo, tarihin zane da gine-gine aka rubuta. A gida da aka ji "gine-gine" aka ce shi ke nan, an yi injiniya. Shi kuma bai gyara musu ba.

Shekarar farko Turkanci kawai ya koya, kuma ya sha wuya. Mutumin da ya saba zuwa na ɗaya ya koma nuna burodi da yatsa a kanti. Ga sanyi, ga rashin abokin hira. Ya yi kuka ba sau ɗaya ba. Da bakinsa ya faɗa aka shiga aji, sai wata damuwar ta taso. Kowane ɗalibi yana da abin tinƙaho daga garinsu, wannan masallaci mai ƙubba, wancan fada ta dutse. Talha sai ya lafe a kujerar baya, don a ganinsa garinsu ba a taɓa gina abin kallo ba.

A shekara ta uku wata malamarsu, dattijuwa mai farin gashi, ta haska musu hoton wani ginin ƙasa na Hausa, bangonsa cike da zane mai tudu da kwari. Ta yi kusan awa guda tana yabonsa. Talha ya ƙura wa hoton ido, domin irin wannan bangon ya jingina da shi duk yarintarsa yana cin gyaɗa. Kakansa, Audi Magini, shi ya gina zauren gidansu, ya zana dagi da takobi da allo da yatsunsa tun laka tana ɗanya, ya shafe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa mai kare bango daga ruwa. Sauran gine-ginen tsohon duk damina ta ci, ko an rushe an sa bulo. Zauren nan kaɗai ya rage. Talha kuwa ko hotonsa ba shi da shi, don wa ke ɗaukar hoton bangon gidansu?

Bayan aji ya tari malamar, ya gaya mata da Turkancinsa mai ɗingishi. Ta ce ya je hutu ya auno shi, ya ɗauko hotonsa lungu-lungu, a kansa zai rubuta kundin kammala karatu. Ta ba shi aron kyamararta. Ranar ce ya fara jin shi ma ɗalibi ne a ƙasar.

Ya buga waya gida. "Baba, in na zo zan ɗauki hoton zauren Kaka. Malamanmu za su gani, har a littafi za a sa."

Malam Lado ya ce, "Zauren namu? Mutanen can za su gane shi?"

"Ƙwarai, Baba."

"To, Allah shi kawo ka lahiya."

Talha ya iya bayanin ƙubba da harshen wasu, amma bai tuna ya ce wa mahaifinsa kada a taɓa komai ba. Ya manta cewa a garinsu ba a nuna wa baƙo gida sai an gyara shi.

Wata biyu bayan haka ɗan acaɓa ya ɗauko shi daga Dutsin-Ma, suka wuce ƙofar gidan bai gane ta ba, sai da ya ji ana kiran sunansa. Zauren yana nan, sumul, shuɗin fenti yana ƙyalli ciki da waje. Ya sa hannu ya shafa bangon. Siminti ne.

Malam Lado ya fito yana murmushi har kunne. "Ka ga aiki ko? Maraƙin nan na kai kasuwa. Ba ni bari a kai hoton kango ƙasar mutane a ce nan ɗana ya hito."

"Baba, zanen yana ƙarƙashi?"

"Ina! Mai aikin ya ce siminti ba shi kama tudu da kwari. Kwana biyu suka yi suna sassaƙe shi da diga. Tsohon nan ya iya cuɗa ƙasa, sai da suka yi zuhwa."

Talha ya zagaya bayan gida inda aka zubar da ɓaraguzan. Ruwan sama ya riga ya narkar da su, har tafasa ta fito a kai. Baƙin cikin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba, kuma babu wanda zai yi wa fushi. Da ya dawo ya tarar da mahaifinsa ya sanyo babbar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya ƙyam a bakin zauren.

"Ɗauka mana," in ji shi.

Ya ɗauka.

Kundinsa a kan wani masallaci ya rubuta shi, wanda ɗalibai da yawa suka riga shi rubutawa, ya ci ba yabo ba fallasa. Yanzu yana koyar da zane a wata sakandare a Dutsin-Ma. Ranar da ya dawo gaba ɗaya, tun bai ajiye jaka ba Malam Lado ya jawo shi gefe, ya tambaye shi mi malaman suka ce da suka ga zauren.

Talha ya dubi tsohon, ya ga yadda yake jira. Ya ce, "Sun ce ya yi kyau, Baba."