Takardar da Na Ɓoye a Rumbu

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah ya karɓi ran ɗana Sani. Ban yi boko ba. Ni nake faɗa, 'yarsa Hauwa take rubutawa.

Malamin lissafi ne a firamaren ƙauyenmu, nan kusa da Ɗanbatta. In ya yi la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya zube gyaɗa yana kasawa. Wata rana ya ce, "Inna, kasa mini sha biyu daidai wa daida." Na kasa uku-uku. Ya ƙara ƙwaya ɗaya. Na juya, na juya, kullum sai an sami saura. Ya ce akwai lambobin da Allah ya yi su haka, ba sa rabuwa daidai sai dai ɗaya-ɗaya. Ya ce kuma ba su da ta ƙarshe.

Masu dawowa daga gona suna ganin magidanci yana wasa da gyaɗa, sai suka ce karatu ya taɓa shi. Da wannan suna ya koma ga Mahaliccinsa, Hauwa ta tashi ana ce mata 'yar mai ƙirga gyaɗa. Ni kaina, Allah ya yafe mini, nakan yi shakka.

Bayan rasuwarsa na tsinci takarda a aljihun rigarsa, lambobi a jere. Na ɗauka hatimi ne. Na naɗe ta a fata, na sa a rumbu don ta tsare mana gero.

Bana damina ta rushe rumbun. Hauwa, wadda yanzu take karatu a Bici, ta kwance fatar, ta duba, ta latsa wayarta. Can ta ce, "Kaka, ba hatimi ba ne. Ƙwaya ɗaya ce Baba ya ninka, ya sake ninkawa har sau talatin da ɗaya, sannan ya cire ɗaya. Lambar ta haura biliyan biyu, kuma babu abin da yake raba ta. Bai kuskure ko lamba ɗaya ba." Ta ce masana sun ware wa irinta dangi na musamman, an ma gano waɗanda littafi guda ba zai ɗauke su ba.

Abin da ya ci masa biro da takardu, waya ta yi shi kafin in gyara zama. Da yana raye, ba na jin zai yi haushi. Cewa zai yi a nemo masa ta gaba.

Ranar Juma'a na sa Hauwa ta karanta wa dattawan unguwa lambar a ƙofar gida. Babu wanda ya yi dariya.

Jiya na ɗebi gyaɗa goma sha ɗaya, ƙwaya ɗaya don kowace shekara, na kasa a tabarmarsa. Ta ƙi rabuwa.

Allah ya jiƙanka, Sani. Lafiyarka ƙalau.